Na koma kitty, yanzu nano ya ƙi buɗewa a saba

Tambaya: Salam malam. Ina kula da wata saba mai Ubuntu ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa). An ce min kitty, wani terminal (tagar buga umarni), ya fi sauri sai na sa shi a laptop ɗina, tun daga nan in na shiga sabar nano (editan rubutu) da htop (mai nuna ayyukan da ke gudana) sai su ce "Error opening terminal: xterm-kitty". Wani ya ce in sa export TERM=xterm a .bashrc (fayil ɗin da bash, manhajar karɓar umarni, ke karantawa in an buɗe shi), na sa sun buɗe, amma yanzu a cikin tmux (manhajar buɗe tagogi da yawa a terminal ɗaya) maɓallan Home da End sun daina aiki, rubutu na hawa kan juna. Kuma har yanzu in na danna harafi sai ya ɗan jima kafin ya fito. Don Allah ba dai na lalata sabar ba ko? Ta wurin aikinmu ce.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, sabar lafiyarta ƙalau. Kitty ya gaya mata sunansa xterm-kitty, ta duba terminfo ɗinta, wato ma'ajiyar bayanan ire-iren terminal, ba ta ga bayaninsa ba, shikenan. Ka yi sudo apt install kitty-terminfo a sabar an wuce wurin. In ba ka da ikon sudo, daga laptop ɗinka ka buga infocmp -x | ssh sunan-saba -- tic -x - zai kwafa bayanin zuwa ~/.terminfo. Ko ka dinga shiga da kitten ssh, umarnin ssh ne na kitty, shi da kansa yake kai bayanin terminfo ɗin.

To amma wannan shawarar ta export TERM=xterm a .bashrc, wallahi kusan kullum sai na ci karo da ita kuma ta ishe ni. Je ka goge layin yanzu. TERM ba kai ke zaɓa masa suna ba, terminal ɗin ne ke faɗa wa manhaja ga ni, ga irin lambobin da nake aikowa, ga waɗanda nake ganewa. Kai kuma ka sa bash ya goge wannan bayanin duk lokacin da aka buɗe shi, har a cikin tmux, alhali tmux shi ma terminal ne mai zaman kansa, sunansa tmux-256color ko screen-256color. Kamar ka kai wa tela awon maƙwabcinka ne ka ce ya ɗinka maka, zai ɗinka kam, amma ba za ta zauna maka ba. Dubi Home ɗin da kake kuka da shi: bayanin xterm ya ce in an danna shi ESC O H ne zai zo, tmux kuwa ESC [ 1 ~ yake turowa, to manhajar da ke jiran na farko ta ina za ta gane na biyu?

Masu ba da wannan shawarar sun ga error ya ɓace sai su ɗauka sun yi gyara. Ai gara error ɗin, shi dai ya tsayar da kai. Yanzu kuwa kana iya buɗe sshd_config, fayil ɗin saitin SSH na sabar, a nano, allo ya nuna maka kana layi kaza alhali kana wani layin, ka goge abin da ba shi ka nufa ba, ka adana, ka sake kunna ssh, ka kulle kanka a waje, kuma wanda ya ba ka shawarar ba ya nan lokacin da oga zai kira. In tmux ne ke buƙatar gyara a ~/.tmux.conf ake yi: set -g default-terminal "tmux-256color", sannan tmux kill-server don ya ɗauka, amma ka tabbata babu aikin da ke gudana a ciki.

Maganar jinkiri kuma, saurin da aka ce kitty na da shi na amfani da GPU (katin hoto) ne wajen zana rubutu a allonka kawai. A SSH duk harafin da ka danna sai ya je saba ya dawo kafin ka gan shi, ka yi wa sabar ping (gwajin lokacin zuwa da dawowa) ka gani da idonka. In network ne matsalar gwada mosh, wata manhajar shiga saba daga nesa kamar SSH, yana nuna harafin nan take kafin saba ta amsa, kuma ba ya yankewa in data ta ɗauke ta dawo. Sai an sa shi a ɓangarorin biyu, a kuma buɗe UDP 60000 zuwa 61000 a firewall.