Kun Tambaya, Mun Amsa: Ɗaukar Bidiyo da Tacewa a kan Linux

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon biki da suna da wayata, ina tacewa da Kdenlive a kan Linux Mint. Da farko komai daidai, amma bayan minti goma sai baki ya riga murya. Ga shi kwamfutar, mai RAM gigabayit 8, sai tsinkewa take yi. Ko in koma Windows ne? Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, zauna inda kake, laifin ba na Linux ba ne, daga wayar matsalar ta taso. Yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin firem guda, wato yawan hotunan da suke ɗauka a kowane sakan. Ka saita 30 a sakan, amma da an shiga ɗakin amarya inda haske ya yi ƙaranci, ko wayar ta ɗau zafi, sai ta rage adadin ba ta faɗa maka ba. Ita kuwa manhajar tacewa ta ɗauka tazarar firem ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Wannan ɗan bambancin ne ke taruwa har ya zama sakan guda ko biyu.

Buɗe fayil ɗin da manhajar MediaInfo, duba layin Frame rate mode. In ka ga Variable, to ga ɓarawon. Kafin ka fara yanka komai, danna fayil ɗin da maɓallin dama a cikin Kdenlive, zaɓi Transcode to Edit Friendly Format. Mai son Terminal, wato tagar rubuta umarni, kuma ya rubuta:

ffmpeg -i biki.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac sabo.mp4

Da sabon fayil ɗin za ka yi aiki. Wanda ya riga ya yanka kafin ya gyara, sai ya bi yankan ɗaya bayan ɗaya ya sake dubawa.

Tsinkewar kuwa maganinta proxy ne. Shiga Project Settings ka kunna Proxy clips. Manhajar za ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi ka riƙa yanka da su, ranar fitarwa ta koma kan na asali, inganci bai ragu ba. In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a kwamfutar, sauya shi da SSD ya fi ƙarin RAM amfani a wannan aikin.

Wani abu da ba ka tambaya ba: wutar Najeriya mai zagaye 50 a sakan ce, shi ya sa wasu fitilun ɗakin taro ke sa hoto ƙyafƙyafta idan an ɗauka a 30 ko 60. In wayarka ta yarda, ɗauki 25 ko 50, sannan ka sauya 30 ɗin fps=30 da ke cikin umarnin can.

TAMBAYA: Mu ne kwamitin da ke naɗar tafsiri a masallacinmu. Mun sayi ƙaramar na'urar nan mai karɓar HDMI ta shiga USB, muka haɗa kyamara da OBS Studio a Ubuntu. Hoton na tafiya da ƙyar, sannan ran da aka ɗauke wuta karatun awa biyu ya ƙi buɗuwa. Daga Nasarawa Gwong, Jos.

AMSA: Allah Ya saka da alheri. Matsala biyu ce, kowace da tushenta.

Irin waɗannan na'urori masu araha yawanci USB 2.0 ne a ciki, ko da bakin shuɗi ne an rubuta 3.0 a kwali. Iyakar USB 2.0 megabit 480 ne a sakan, alhali ɗanyen hoton 1080p a firem 30 yana neman kusan 1,000. Ba ya wucewa, sai na'urar ta koma firem biyar ko makamancin haka. Ku saka v4l-utils, ku rubuta v4l2-ctl --list-formats-ext, za ku ga tana ba da YUYV (ɗanyen hoto) da MJPG (Motion-JPEG). A cikin OBS ku buɗe saitin na'urar, ku zaɓi Motion-JPEG, wato matsattsen hoto da zai iya bi ta ƙunƙuntar hanyar. In na'urar ba ta bayyana ba, ku gwada /dev/video2, domin sau da yawa kyamarar laftof ta riga ta kama video0.

Fayil ɗin da ya mutu kuma MP4 ne, ko ba a faɗa ba. Shi MP4 na gargajiya sai an tsayar da naɗi yake rubuta jadawalin abin da ke cikinsa. Wuta ta yanke kafin nan, hoto na ciki amma ba mai karanta shi. Ku mayar da Recording Format zuwa MKV, wanda ke ajiye duk abin da aka naɗa har lokacin yankewar. Bayan an shafa fatiha ku shiga File, Remux Recordings, cikin ɗan lokaci ya zama MP4 ba tare da an taɓa ingancinsa ba. Na baya kada ku goge shi: manhajar untrunc kan ceto irinsa idan aka ba ta wani lafiyayyen fayil da aka naɗa da saiti iri ɗaya.

Muryar Malam ku ɗauko ta daga mikisa da kebul, kada ku dogara da makirufon kyamara, in ba haka ba ƙarar fanka da amsa-kuwwar lasifika za ku kwasa.

TAMBAYA: Ɗaliba ce ni mai koyon fim a nan Jos. Na saka manhajar tacewa DaVinci Resolve na kyauta a Linux, amma duk MP4 da na jawo ba hoto ba sauti.

AMSA: Malama, haka yake. Na kyauta a Linux ba ya karanta H.264 da H.265, wato irin matsin hoton da ke cikin yawancin MP4, sautin AAC kuwa ko na kuɗin ba ya karantawa. Ki juya fayil ɗin tukuna:

ffmpeg -i a.mp4 -c:v dnxhd -profile:v dnxhr_sq -pix_fmt yuv422p -c:a pcm_s16le b.mov

Ki tanadi wuri, don minti ɗaya na 1080p zai ci kusan gigabayit guda. A ganinmu, in ba gyaran launi mai zurfi za ki yi ba, kuma kwamfutarki ba ta da katin hoto na NVIDIA, Kdenlive ko Shotcut sun ishe ki aikin makaranta, kuma suna buɗe MP4 ɗin kai tsaye.