Me ya sa Kelbin ba ya sauka ƙasa da sifiri?

Malam, ka ce kana ganin -10 a Selshiyos amma ba ka taɓa gani a Kelbin ba. Dukansu ma'aunin zafi da sanyi ne, amma daga mafari suka rabu. Sifirin Selshiyos inda ruwa ke daskarewa ne kawai, kuma akwai sanyin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Shi kuwa Kelbin daga ƙurewar sanyi ya fara ƙirge, wato -273.15 a Selshiyos, inda motsin ƙwayoyin abu ya kai iyakar raguwa.

Takunsu ɗaya ne, 273.15 kurum za ka ƙara a kan Selshiyos ka samu Kelbin. Ƙanƙarar da ke narkewa a kofinka tana 273.15 a Kelbin, ruwa kuma ya koma tururi a 373.15, a gaɓar teku fa, don kan tsauni tun kafin nan yake tafasa. Kada dai ka rubuta "digiri Kelbin" a jarrabawa, za ka sha jan biro, don "Kelbin" kawai ake cewa.