Tambayoyinku kan kuɗi: na biya bashin, me ya sa tabon bai fita daga Simah ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin gine-gine a Jidda. Shekarun baya na bar layin waya na wata-wata da ragowar riyal 2,300 a kansa, har aka miƙa maganar ga masu karɓar bashi. Watan jiya na biya kaf. Da na je neman mota ta hanyar banki sai aka ce akwai tabo a rahotona na Simah. To ina amfanin biyan? M. A., Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Biyan ya yi amfani, sai dai bai goge tarihi ba, kuma dama ba aikinsa ba ne. Simah, wadda aka kafa a 2002 ta fara aiki a 2004 ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Saudiyya, wato SAMA, ma'ajiyar bayanan bashi ce kawai. Bankuna da kamfanonin lamuni da na waya su ke tura mata bayani, ita kuma ta tattara, ta fitar da maki tsakanin 300 da 900. Ba ita ta rubuta maka tabon ba, ba kuma za ta cire shi don ka roƙa ba.

Abin da biya ke yi shi ne ya canza matsayin bashin, daga wanda aka gaza biya zuwa wanda aka biya. A ƙa'idojin dokar bayanan bashi ta 2008, mummunan bayani ba ya wuce shekara biyar a rahoton mutum, kuma ana fara ƙirgen ne daga ranar da aka warware bashin. A nan mutane da yawa ke cutar kansu. Sai mutum ya ce bari ya yi shiru har shekara biyar ta cika, abin ya faɗi da kansa, alhali muddin bai biya ba, ƙirgen bai ma fara ba. Kai naka ya fara tun watan jiya.

Yanzu abin dubawa shi ne ko labarin biyan ya isa Simah. Ka fara da karɓo takardar mukhalasa, wadda ke shaida ba a bin ka ko halala, wato ɗaya bisa ɗari na riyal. Daga ainihin kamfanin da ke bin ka za ka karɓe ta, don rasiɗin mai karɓar bashi shi kaɗai ba ya wadatarwa. Ka tabbata lambar iƙamarka da lambar asusun suna jikinta daidai. Sannan ka buɗe manhajar Molim, wadda ita ce ƙofar Simah ga ɗaiɗaikun mutane, ka ciro rahotonka ka nemi layin wannan bashi. Abu biyu za ka kalla: ragowar kuɗin ta koma sifili, kuma ranar biyan ta yi daidai da ta takardarka. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne kuɗin ya shiga hannun mai karɓar bashi amma kamfanin bai rufe asusun ba, ko a bar ɗan guntun caji na 'yan riyal da ya hau bayan lissafin ƙarshe, asusun ya ci gaba da nuna ana bin ka. Idan haka ka tarar, ka shigar da ƙorafi ta Molim ka haɗa da hoton takardar. In banki ne ko kamfanin lamuni ya ƙi gyarawa, akwai dandalin ƙorafin SAMA.

Kada ka sa ran makin zai yi tsalle a wata guda. Yana farfaɗowa ne a hankali, gwargwadon yadda sabbin watannin biya a kan kari ke taruwa a saman tsohon tabon. Kuma maki ba shi kaɗai banki ke kallo ba. Ƙa'idar SAMA ta 2018 ta hana a riƙa cire wa ma'aikaci fiye da kashi 33.33 cikin ɗari na albashinsa, ɗan fansho kuma kashi 25. Mai albashin riyal 6,000 ke nan abin da za a cire daga albashinsa ba zai haura kimanin 2,000 a wata ba, kome kyawun makinsa. A ganinmu ka dakata da zagayen bankuna na ɗan lokaci. Duk neman da ka shigar ana rubuta shi a rahoton, kuma jerin nema a jere yana nuna mutum a matse yake.

Tambaya: Ɗana ya nuna min bidiyo inda ake cewa idan ka biya masu karɓar bashi za su iya share sunanka gaba ɗaya. Wani kuma a nan Makka ya ce in ba shi riyal 1,500 zai wanke min rahoto cikin mako. Hajiya R., Makka.

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Bidiyon kusan tabbas maganar Amurka yake yi, inda tsarin ya sha bamban. Can kamfanoni uku ne ke riƙe da rahoton jama'a, Equifax da Experian da TransUnion, bashin da ya kai ga masu karɓa kuma yana iya zama shekara bakwai, ana ƙirgawa daga lokacin da aka fara saɓa biya. Wasu masu karɓar bashin kan yarda su janye bayanin in an biya su, amma ba dole ba ne a kansu. Sababbin ma'aunan maki irin FICO 9 da VantageScore 3.0 da 4.0 ba sa lissafa wanda aka riga aka biya, FICO 8 kuwa yana lissafawa, shi ya sa ko a can sakamakon ya danganta da ma'aunin da mai ba da lamuni ke amfani da shi. Tun Yulin 2022 ma an daina nuna bashin asibiti da aka biya. Duk wannan bai shafi rahoton Simah ba.

Shi kuwa mai wankin rahoto, ɗayan biyu ne. In bayanin gaskiya ne, ba shi da ikon taɓa shi. In kuskure ne, ke ma za ki iya shigar da ƙorafin da kanki ta waya. Babban haɗarin shi ne abin da zai nema bayan kuɗin: lambar sirrin Absher, dandalin ayyukan gwamnati, ko ki amince da saƙon Nafath, manhajar tantance mutum, da zai shigo wayarki. Wanda ya samu wannan zai iya cin bashi da sunanki, ki wayi gari da sabon tabo da ya fi na farko.

Tambaya: Maganata ta kai kotun tanfizi, wato kotun zartar da hukunci, na biya, amma har yau asusuna a kulle yake. Laifin Simah ne? S. I., Madina.

Amsa: A'a, Alhaji, ƙofofin biyu ne daban. Kulle asusu da hana tafiya suna zuwa ne daga sashe na 46 na dokar tanfizi, bayan kwana biyar da sanar da mutum bai biya ba, kuma kotu ce ke ɗage su. Idan ta lambar Sadad, tsarin biyan kuɗi ta banki, da kotu ta fitar ka biya, kuɗin kan bayyana a fayil ɗin kai tsaye. Idan kuwa hannu da hannu ka ba mai bin ka, kotu ba ta sani ba, sai shi ya shiga Najiz, dandalin Ma'aikatar Shari'a, ya nemi a rufe buƙatar, ko kai ka gabatar da shaidar biya a fayil ɗin. Bayan an ɗage matakin sai ka duba Molim ka ga ko an sabunta matsayin a can ma.