Tu-sitirok ne ko fo-sitirok?

Tambaya: Malam, na ga babur ɗin daji da mai ƙafa huɗu a Sabon Gari. Yaya zan bambance injinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, injin iri biyu ne: tu-sitirok da fo-sitirok. Fara duba salansa. Ta tu-sitirok tana da ƙaton tumbi kusa da inji, ƙara siririya, hayaƙi shuɗi-shuɗi. Kan injinsa ƙarami ne, fulogi a tsakiya, babu bawul (ƙofofin shigar fetur da fitar hayaƙi). Fo-sitirok kansa dogo ne saboda bawul, muryarsa kauri.

Inda ake asara shi ne man inji. Tu-sitirok yana ƙona mansa tare da fetur. In ba shi da tankin man inji daban, ana zuba kamar mililita 25 na man a kowace litar fetur. Ka ba shi fetur zalla, fistin ya yi zafi ya cije, sai sauke inji.