Amsar Goggo kan tautau da allurar Baba

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni a Azare. Kin ce kina so ki biya a yi wa Babanki allurar rigakafin tautau, amma Baffa ya ce a al'adarmu rigakafi na jarirai ne, tautau kuma tofi ake yi masa. Kina tambaya ko za ki saɓa wa manya.

Bari in fara da tautau ɗin. Mun taso ana cewa gizo-gizo ne ya yi wa mutum fitsari cikin dare. Kakarku takan shafa toka, ta zagaye wurin da tawadar allo, wai in ƙurajen suka kewaye jiki suka haɗu sai likkafani. Shekarun da na yi ina aikin jinya ban taɓa ganin gizon nan ba. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da mutum ya yi yana yaro, ta kwanta a jijiyoyi shekara da shekaru. In tsufa ko jinya ta raunana jiki sai ta farka ta bi jijiya ɗaya, shi ya sa ƙurajen ke tsayawa a gefe guda. Abin tsoron ma raɗaɗin da ke biyo baya ne. Na ga dattijon da ko riga ba ya iya sawa wata shida bayan ƙurajen sun bushe. In kuwa a goshi ya fito, ido na cikin hatsari.

Allurar da ake yi yanzu Shingrix ce, wadda Amurka ta amince da ita a 2017. Sau biyu ake yi, tsakaninsu wata 2 zuwa 6, kuma tana kare fiye da kashi 90 cikin 100. An tanade ta ne ga mai shekara 50 zuwa sama, da baligin da garkuwar jikinsa ta yi rauni. Babanki ya haura 60, ya cancanta, ciwon sugansa bai hana ba. Wanda ya taɓa yin tautau ma ana yi masa, bayan ya warke. Mai ciki, da mai zazzaɓi mai zafi, su dakata. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin ta da tsanani, ba a sake masa.

Ki faɗa wa Babanki gaskiya tun kafin a yi: damtse zai yi tsami ya kumbura, ga kasala, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har da rawar sanyi, kwana biyu ko uku. Kin san halinsa, in kika ɓoye masa ba zai koma ta biyun ba. Ba ta cikin rigakafin kyauta na gwamnati, don haka ki fara tuntuɓar likitansa a asibitin koyarwa na Bauchi kan inda za a same ta.

Batun al'ada kuwa, Baffa bai yi ƙarya ba, a zamaninsu ba a cika yi wa manya allura ba, sai irin ta masu tafiya Makka. To ki kama nan: Baffa da kansa ya miƙa hannu aka yi masa ta sanƙarau da zai tafi aikin Hajji. Kada ki kira Babanki a waya ki ce kin yanke shawara. Ki zo da kanki, ki fara gaida Baffa, ki nemi shi ya raka Babanki. Tofi kuma ba wanda ya hana su.

In ƙurajen suka riga mu fitowa, a kai shi asibiti cikin kwana uku, don maganin ya fi aiki a lokacin, kuma a nisanta jikoki da matar Yayanki mai juna biyu daga ruwan ƙurajen.

Ki gaida maigidan.