Amsar tambayarka kan "mun yafe" da ake cewa in mota ta kashe mutum

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma daga yadda ka rubuto na gane ranka a ɓace yake. Ka ce maƙwabcinku da tifar yashi ta take a bakin titi ya bar mata ɗaya da yara huɗu, biyu maza. Ranar sadakar uku mai motar ya zo da dattawan unguwarsu, ko gyara zama ba su gama ba yayan mamacin ya ce, "Mun yafe duniya da lahira, kwanansa ne ya ƙare." Kana so ka san ko wannan al'ada ce ko addini, da kuma dalilin da ya sa ba wanda ya tambayi yadda abin ya faru.

Al'adar tsohuwa ce, kuma tushenta mai kyau ne. Bahaushe yana jin nauyin a ce ya karɓi kuɗi a kan gawar ɗan'uwansa, yana kuma gudun gabar da za ta bi 'ya'ya da jikoki. Amma yadda na taso na gan ta a cikin birni ba haka take ba. Motoci kaɗan ne a lokacin, direba sananne ne, an san gidan ubansa. In tsautsayi ya faɗa masa, da shi ake sallar jana'iza, da shi ake zaman makoki kansa a sunkuye. Da kaka ya aiko da buhun gero, da salla ya ɗinka wa marayu kaya, har su girma. Sai an ga nadamarsa sannan yafiya ke biyowa. Yanzu kalmar ce ta rage, ɗawainiyar ta tafi.

A addini kuwa maganar a fili take. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya da za a miƙa wa iyalansa, sai in su ne suka bar ta sadaka, da kuma kaffara, wadda a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. Diyyar raƙuma 100 ce, ko dinare 1,000 na zinare, kuma malamai sun ce dangin mai kuskuren na wajen uba ke taruwa su biya cikin shekara uku. Kaffara ba wanda ke iya yafe ta, tsakanin direban ne da Ubangijinsa.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau. Diyya dukiyar magada ce, rabon gado ake yi mata. Tunda mamacin ya bar ɗa namiji, yayansa ba shi da ko sisi a ciki. To me ya yafe? Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, iyayensa in suna raye suna da nasu, sauran na yaran ne, kuma haƙƙin maraya ƙarami ba a bayar da shi kyauta da bakin wani. Ita tana can ƙuryar ɗaki cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ina kyautata zaton ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinta. Da an tambaye ta ta ce ta yafe nata rabon, wannan sadaka ce mai girma, Allah ya ba ta lada. Abin da aka yi a zauren nan kunya ce ta yi aiki.

Cewa kwanansa ya ƙare gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Sai dai ka tuna Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa. Aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi direba ko birkinsa na ci ba, ko yana da lasisi, ko sawu nawa ya yi tun asuba. In mai mota yana biyan direba da yawan sawu, shi ya sa masa ƙafa a kan totur, shi ma yana da kasonsa na alhaki.

Abin da ya fi damuna shi ne da zarar an ce "mun yafe" maganar ta mutu, titin kuma yana nan yadda yake yana jiran na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma ba abin da ya kai shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Dubi Kano ta yau. An faɗaɗa tituna, an yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa da Dangi, an yi ta ƙasa a Kabuga, cunkoso ya ragu, mun gode. Amma motar da ta sauko daga gada da gudunta take saukowa, tana faɗawa daidai inda 'yan Islamiyya ke riƙe da hannun ƙannensu suna jiran su tsallaka. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a awa, kuma hukumar nan ta ce wanda mota ta buge tana gudun 65 haɗarin mutuwarsa ya ninka na 50 sau huɗu da rabi. Wa ke duba wannan a Titin Zariya bayan isha'i?

Tun da aka hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ta cika garin. Da yawan matuƙan magidanta ne masu neman halal, amma akwai yaran da jiya-jiya suka koyi tuƙi, balas na jiransu da yamma, sai bin hannun da ba nasu ba da tsayawa a tsakiyar titi don fasinja ɗaya. Ƙara da jerin motocin kai amarya, samari zaune a kan tagogi ana tsere. Je ka Asibitin Ƙashi na Dala ranar dubiya ka ga samari a jere, ƙarafa sun huda ƙafafunsu, uwa na gefe tana fifita da mafici tana lissafin abin da ya rage a sayar a gida.

Mu 'yan kallo ma da namu. Ana yin hatsari sai a rufe direba da duka, shi ya sa na gaba yake gudu ya bar mutum kwance cikin jini. Wasu waya suke ɗagawa suna ɗaukar hoto. Masu niyyar taimako kuma su kama hannu da ƙafa su naɗe shi a bayan A Daidaita Sahu, alhali in ƙashin baya ko wuya ya taɓu, irin wannan ɗauka ke nakasa shi har abada. Lambar jami'an kiyaye haɗura ta ƙasa 122 ce, sa ta a wayarka yau.

Kada ka tunkari yayan mamacin a gaban mutane. Cikin zafin rashi ya yi magana, kuma abin da ya ga ana yi ya yi. Ka sami limaminku a keɓe, ka roƙe shi ya zauna da shi da waliyyin matar, a kira malamin da ya san rabon gado, a koma wajen mai motar cikin mutunci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A tambayi takardar inshorarsa ma, domin doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Ko bai iya biyan diyya cikakkiya ba, a rubuta abin da zai ɗauka na karatun yaran da abincinsu, da shaidu.

Sannan ku haɗa kan magidantan layin ku je wajen mai unguwa, a rubuta wa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da ma'aikatar ayyuka ana neman tudun rage gudu da zanen tsallakawa a wurin. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan biyo ta gidanku in yi musu ta'aziyya, in kun shirya takardar sai mu kai tare. Ka gaishe min da mahaifiyarka.

Baffanka.