Hajiyarmu ta rikice, yayyena sun ce jinya aikin mace ne

Tambaya: Likita, mu biyar ne a wurin mahaifiyarmu, ni kaɗai ce mace. Tun da hawan jini ya kwantar da ita take gidan mijina. Wanka, tsarki, abinci da magani duk ni ce. Yayyena kuɗi suke turowa, sun ce sauran na mata ne. A satin nan ta juye gaba ɗaya, ba ta barci, tana ganin mutane a ɗaki, tana zagina. Babban yaya ya kawo mai magani, ya ce iska ce, ana ta yi mata turare. Na gaji, kuma ina tsoro.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya biya ki. Ki kai ta asibiti yau, kada ki jira gobe. Mantuwar tsufa a hankali take shigowa, cikin watanni ko shekaru. Tsohon da ya rikice cikin kwanaki kaɗan, akwai abin da ke cin jikinsa: ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga, bayan gida da ya ƙi fita, ko sabon bugun shanyewar jiki. Yawancinsu suna jin magani idan an zo da wuri.

Maganar iska kuwa, ita ce ke ƙona mini rai kullum. A kulle tsohuwa a ɗaki da hayaƙi, alhali numfashinta da ma da ƙyar. A ɗura mata jiƙon da ba wanda ya san abin da ke ciki, ƙodarta ta ƙara wahala. Da ta ƙi barci sai a aika kemis a sayo diazepam ko Piriton, ta tashi tana tangaɗi, ta faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye. Sai an yi sati biyu ana wannan kafin a kawo mana ita ba ta ko iya haɗiyar ruwa. Mai maganin ya karɓi kuɗinsa ya wuce, ba za ki gan shi a layin asibiti ba. Kuma na lura, idan dattijo ne ya rikice cewa ake tsufa ne, idan tsohuwa ce sai a fara raɗe-raɗin maita. A arewacin Ghana har matsugunai ake da su irin na Gambaga, inda tsofaffin mata da aka kora da wannan zargi suke zaune. Ba na hana addu'a, a yi ruƙiyya a gefen gadon asibiti. Amma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 70 ta Suratun Nahli, ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har bai san komai ba bayan ya sani.

Matsalar gidanku ita ce mai yanke hukunci daban, mai kwana da Hajiya daban. Ke kika san yaushe fitsarinta ya canja wari, amma yaya ne ke magana gaban likita yana cewa "lafiyarta ƙalau sai jiya". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu cutar mantuwa mata ne ke ɗauka. Ga yayyenki nake cewa: mutumin da ya zo wurin Annabi (SAW) neman izinin jihadi aka ce ya koma ya yi jihadinsa a kan iyayensa, namiji ne. Ɗa muharramin uwarsa ne. Zai iya ɗaga ta, ya juya ta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, ya ba ta abinci a baki, ya kwana a wurinta. Tura kuɗi ta waya ba ya juya mara lafiya.

Ki kira su zama, ki sa kawu ko baffa a tsakani idan ba sa jin taki, a raba kwanaki kowa ya san darensa. Yau kuma idan kun je asibiti, ke za ki shiga wurin likita, riƙe da duk magungunan da take sha a leda, har da jiƙon mai maganin.